Ɗamarar da Kaka Ta Wanke

Amira da Yasir, na so in ce ku zauna in ba ku labari, amma na san halinku, ba za ku zauna ba, shi ya sa na rubuta. Jiya na ji Amira tana gaya wa ƙawarta a waya wai kakarmu da gangan ta lalata ɗamarar Baba don ta mayar da shi Najeriya, har na kusa ƙwarewa da shinkafa. Ke a shekarar da abin ya faru haƙoranki na gaba ba su gama fitowa ba. Kai kuwa Yasir, babban aikinka a duniya lokacin shi ne tauna rimot. Ni ina da shekara goma sha huɗu, kuma da ni aka yi komai, don ni ne bakin Kaka. Yanzu na doshi sha takwas, wato na tsufa, gara in rubuta tun mantuwa ba ta kama ni ba. In kun ci karo da kalmar da ta fi ƙarfin Hausarku, ku tambayi Umma, kada ku tambayi waya.

Nadin da kuka sani yanzu, wato gidan horon Baba mai madubi da sabon fenti, ba haka yake ba da. Wuri ɗaya ne, can unguwar Ruwais a nan Jidda, a saman shagon mai facin taya, amma a zamaninmu tun daga matakala warin roba da gishirin teku ke tarbar mutum. Na'urar sanyin tari take yi kamar tsohon da ya ƙi barin taba, kuma ba ta taɓa sanyaya kowa ba sai bangon da take jiki. Tabarmin faɗuwa shuɗaye ne, faci ya fi asalinsu yawa. A kansu ake kayar da mu, a kansu muke jera sahu in an kira magariba, Basudane da Bahaushe da ɗan Misra da 'yan unguwa, duk muna ɗigar gumi. In mun tayar da salla sai tsohon da ya kafa wurin ya koma bakin ƙofa ya zauna da kofin shayin sha'ir, wai yana gadin takalma. In an tashi kuma a aika a sayo wake da burodin tanderu mai zafi, a baje a ƙasa, babba da yaro a sa hannu. Ban ƙara cin wake mai daɗin wannan ba, kuma na ci wake a rayuwata.

Tsohon shi ne Kwanjan Yun. Kwanjan ba suna ba ne, sarauta ce, kamar a ce mai gida. Ya zo Jidda yana saurayi, zamanin da mutanen Koriya ke zuba kankare suna shimfiɗa tituna, 'yan uwansa suka gama suka koma, shi ya zauna. Gajere ne, firij ɗinmu ya fi shi tsawo, amma da idona na ga ya ɗauki wani Basudane mai tsawon falwaya ya kwantar da shi a hankali kamar mai shimfiɗa darduma. Abin da yake koyarwa ba irin na talabijin ba ne mai kofi da lambar zinariya. Tsohon gida ne na kokawa da murɗe gaɓa da sanda, uwar ƙungiyarsa tana wani gari a cikin duwatsun Koriya, a hannun wasu dattawa da kowannensu ya girmi wutar lantarki. Dokarsu kuwa guda ce. Kowane reshe yana da tsohuwar baƙar ɗamara da aka gada daga malami zuwa almajirinsa. Muddin tana ƙugun wani, reshen yana raye. In babu magaji, a mayar da ita Koriya a sa a gilashi, a rufe ƙofa. Kuma ba a wanke ta. Ko kusa. Gumin malaman da suka shuɗe yana cikinta, shi ne gadon.

Baba ya shiga nadin tun kafin ya auri Umma, wai ciwon baya ya kai shi, don aikinsa na gyaran injinan asibiti na sunkuyo ne. Bayan ya warke, Baba bai fita ba. Da rana yana hannun kwangila da kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, da yamma yana hannun Kwanjan.

A wannan shekarar Kaka ta zo umara ta zauna mana ziyara. Kun san Baba ɗan farinta ne, to abin da ba ku sani ba shi ne yadda ake zama da ɗan fari a wurin mutanen da. Ba ta kiran sunansa. Ba ta kallonsa ido cikin ido. Yana zaune gabanta, gwiwarsa ta kusa taɓa tabarmarta, sai ta juyo gare ni ta ce, "Ɗanjidda, ka gaya wa ubanka ya rame." Ni kuma in juya in ce, "Baba, wai ka rame." Shi kuma ya ce, "Na ji, Inna." Haka muka yi watanni, ni ne waya, kuma ba a biya na. Da wannan hanyar ta karɓi alkawarin da ta zo nema: in kwangilar bana ta ƙare, Baba zai kwashe mu mu koma Malumfashi. An riga an gama ginin gida. Ta dasa lemo a tsakar gidan, ta zaɓi inda za a ɗaure rago, har ta zaɓar mini makarantar da za a cire mini abin da take kira iskancin bakin teku.

Sai wata Alhamis bayan an tashi horo Kwanjan ya kira Baba gaban kowa. Ya fito da wani ƙunshi na shuɗin ƙyalle, ya miƙa da hannu biyu. Larabcinsa irin nasa ne, ya shekara arba'in yana karya shi bai gama ba, amma ranar kowa ya gane.

"Gwiwoyina sun ce halas, sun gama," in ji shi. "Zan koma in mutu inda ake sanyi. Kai wannan gida, ta kwana wurinka mako guda. In ka dawo da ita a ƙunshe, ba mai tambayarka dalili, na tafi da ita, a rufe nan. In ka dawo da ita a ƙugu, kai ne mai gida."

Ni na riƙe ƙunshin a mota. Ku yarda da ni, ta cikin ƙyallen ma ɗamarar nan magana take yi. Na buɗe tagar mota, wani mai babur da ke gefenmu ya canja hanya. Wari ne mai tarihi, mai hawa-hawa, in ka shaƙa sosai kana iya jin malami na farko yana hawan dutse da rani. Da dare shi da Umma suka yi ta magana da Larabci da Turanci don kada Kaka ta gane, ita kuwa tana kan tabarma tana jan carbi tana ɓantarar goro kamar ba ta ɗakin. Daga nan Baba ya nemi wuri mafi tsawo a gidan don kada Yasir ya cinye gadon Koriya, ya ɗora ƙunshin a saman kabad. Kabad ɗin kuwa yana ɗakin Kaka.

A nan ya kamata ku san wani abu. Aƙidar Kaka ita ce duk abin da bai gudu ba yana bukatar wanki. Ta wanke mini cajar waya. Ta wanke labulen da aka sayo jiya. Kyanwar maƙwabta in ta hango ta sai ta tsallaka titi. To ran Lahadi na dawo daga makaranta na ji gidan yana ƙamshin lemon tsami da ruwan nan mai cire datti mai warin asibiti, na ji muryarta daga saman bene.

"Mijina rago, hawo ka ga abin kunya. A ɗakin da nake salla aka ajiye mushe."

Na hau. Ga igiyar shanya, ga ɗan wandon Yasir, ga zanen Umma, a tsakiyarsu ga ɗamarar Kwanjan an maƙale ta da abin shanya. Ba guda ɗaya ba. Gida uku ta rabu, zare yana reto, baƙin ya koma toka-toka kamar gemun liman.

"Ruwan farko kamar an wanke gindin tukunya," in ji ta, tana shanya hannu. "Na biyu ma haka. A na uku ta mutu a hannuna. Ashe dauɗar ce ke riƙe da ita."

Na so in yi dariya, na so in gudu Makka a ƙafa. Ina nan tsaye har Baba ya dawo. Umma ta raɗa masa a ƙofa, ya hawo bene da takalmin aiki. Ya daɗe yana kallon igiyar. Sannan ya cire abin shanyar ɗaya bayan ɗaya, ya ninke gutsattsarin a tafin hannunsa, ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu da aiki, Inna." Ya sauka. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. A kicin na ji Umma tana cewa ƙasa-ƙasa, "Tsohuwar nan ta fi mu jin Larabci." Amira, daga nan maganarki ta samo asali, ba ke kika ƙirƙiro ta ba.

Ni dai ban zauna ba. Na sayo sabuwar baƙar ɗamara a kasuwa, na jiƙa ta a shayi, na ɗaura ta a bayan keke na zaga unguwa, na ba wani abokina mai yawan gumi ya buga ƙwallo da ita, na bar kyanwa ta kwana a kai. Da na kai wa Baba sai ya riƙe ta da yatsa biyu ya ce mutumin da ya fi rabin rayuwarsa yana ɗaura abu ba a yi masa wannan, in je in jefar, in kuma wanke hannu. A wurin cin tuwo ya yi magana da Hausa, wannan karon don kowa ya ji.

"An hutar da mu. Ran Alhamis zan kai masa abin da ya rage in ba shi haƙuri. In kwangila ta ƙare sai gida."

Na ɗauka Kaka za ta yi guɗa. Ko tuwonta ba ta cinye ba. Tun daga ranar wankin ta zuba wa Baba ido ta gefe, irin kallon da take yi in tana zaton ba mai ganinta. Shi da kullum bayan asuba yake hawa bene yana juya sanda har ya tashi tantabarun unguwa, sai ya daina. Ya ci abinci, ya tafi aiki, ya dawo, ya zauna gaban talabijin a kashe. Ran Talata da na dawo makaranta ta kira ni.

"Kai, tsumman nan wai na mene ne?"

Na gaya mata duka: malaman da, da gumin, da gilashin Koriya, da rufe ƙofa. Ta saurara tana murza goro a hannu ba ta ci ba.

"Ɗauko mini mayafi," ta ce. "Ka ɗauko tsumman a durowar ubanka. Kai ni wurin tsohon."

Mun shiga tasi ba wanda ya sani. Matakalar nadi ta hau ta tana zagin wanda ya gina ta, da wanda ya haifi wanda ya gina ta. Muka tarar da Kwanjan shi kaɗai yana goge tabarmi kafin ɗalibai su zo. Ya miƙe, ya dafa ƙirji. Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa, abin bai ɗauki lokaci ba.

"Tambaye shi, shi ba shi da mata ne? Ba shi da 'ya? Ba a sayar da sabulu a garinsu?"

Na juya na ce da Larabci, "Tana gaishe ka, tana tambayar lafiyar iyali."

"Ya walad, kai yaro," in ji Kwanjan, "fassara daidai. Fuskar nan ba ta ce sannu ba."

Na fassara daidai. Ya yi dariya har idanunsa suka ɓace. Yana cikin dariyar Kaka ta miƙa masa ƙunshin, ya karɓa da hannu biyu, ya kwance. Dariyar ta tsaya. Ya zauna a ƙasa a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya jera gutsattsarin uku a kan cinyarsa. Bai duba inda ta yage ba. Ya ɗauki guda ya kai hanci, ya shaƙa, ya juya ɗaya gefen ya sake shaƙa, ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Na'urar sanyi tana ta tarinta. Can ya faɗi kalma biyu.

"Me ya ce?" in ji Kaka.

"Ya ce malam ya tafi."

Kaka ta dubi gutsattsarin. Ta nemi wuri ta zauna a kan tabarmar faɗuwa, ta gyara mayafi. Tsofaffi biyu a ƙasa, ni a tsaye a tsakani kamar sandar fitila.

"Tambaye shi, yanzu da ta tsinke, wancan ya kuɓuta ke nan?"

"Babu ɗamara, babu gida," in ji Kwanjan. "Ka ce wa Hajja ta tafi da ɗanta. Ranar da aka ba ni wannan, uwata tana da rai. Na ce mata bana, na ce mata baɗi. Da wasiƙar mutuwarta ta iso, an daɗe da binne ta. Ka ce mata ba ta yi laifi ba. Wataƙila sabulunta ya fi ni hankali."

Na fassara ban rage komai ba. Kaka ta kalli bango, inda hotunan ɗalibai suke, tun daga masu gashin da har zuwa mu. Baba yana cikin kusan kowane hoto, a wani da suma, a wani da sanƙo.

"Shi wancan ɗin," ta ce, "ya iya abin kuwa? Ko don ba kowa ne?"

Kwanjan ya girgiza kai. "Akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi. Akwai wanda ya fi shi sauri. Amma in ɗamarar ƙaramin yaro ta kwance, manyan ɗalibaina tsawa suke yi. Shi durƙusawa yake yi ya ɗaure masa. Ban koya masa wannan ba. Daga gida ya zo da shi."

Kun san ba a yabon ɗan fari a gaban uwarsa. Kaka ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce mini maganar banza ta yi yawa. Ta miƙa hannu.

"Ce masa ya ba ni tsummana. Ni na ɓata, ba shi ba."

A tasi, da muka kusa gida, ta yi magana. Ba ni take kallo ba, titi take kallo.

"Na ɗaure akuya, na ɗaure saniya," ta ce. "Ban taɓa ɗaure mutum ba. In ya bi ni don na tsinka masa igiya, gangar jiki zan kai Malumfashi."

Washegari da Baba ya fita aiki ta hana ni zuwa makaranta, wanda shi ne alheri mafi girma da aka taɓa yi mini. Ta jawo akwatinta ta buɗe, ta tono har ƙasa, ta fito da wata riga a naɗe cikin leda. Rigar saƙi ce baƙa, rinin baba, ta kakanmu da ya rasu tun ba a haife ni ba. Wuyan ya yi ƙyalli don tsufa. Ina matsowa na ji ƙamshin hayaƙi da ƙasa da wani tsohon turare. Na dube ta.

"Kaka, wannan ba a wanke ta ba."

"Rufe mini baki."

"Ke da kika wanke caja?"

"Na ce rufe mini baki, ɗan nema. Zura mini zare."

Saƙi ɗan siriri ake saƙa shi, layi-layi, sannan a harhaɗa. Ta sa reza ta farke layi guda daga gefen rigar, daga kafaɗa har ƙasa, faɗinsa kusan daidai da na ɗamara. Da layin ya rabu da rigar sai da ta ɗan tsaya. Ta shimfiɗa shi, ta jera gutsattsarin nan uku a kai baki da baki, ta fara ɗinki. Idonta ba ya ganin kafar allura, don haka duk zaren da ya ƙare ni ke zura wani. Ta soki yatsa ba adadi, kowace suka da irin zagin da take yi wa allurar. Muka ci rana muna yi, ta tashi ta yi azahar ta dawo, ta shafa man zafi a wuyan hannu ta ci gaba. Tana yi tana ba ni labarin mai rigar, yadda yake noma da ita a kafaɗa, yadda ya je ɗaurin auren mutane da ita har aka fara yi masa waƙa.

"Tsohon ya ce gumin malaminsa ya tafi," in ji ta. "To ga na wani tsohon. Shi ma ba a zaune ya ci abinci ba."

Ran Alhamis da la'asar Baba ya fito da kayan horo a jaka, fuska kamar mai zuwa ta'aziyya, ya buɗe durowa bai ga komai ba. Kaka tana kan tabarmarta. Ta turo mini faranti da ƙafa, ɗamarar tana kai a naɗe.

"Ka gaya wa ubanka ya kwashe tsummansa daga ɗakina. Kuma in zai kai wa mutane kayansu, ya kai a ƙugu kamar namiji, ba a ƙunshe kamar ƙosai ba."

Ban fassara ba, don ba a bukata. Baba ya ɗauka, ya warware, ya ga toka-tokar a sama, ya juya ya ga saƙin. Ya gane rigar. Ya durƙusa a gabanta har gwiwarsa ta hau tabarmar.

"Inna, gidan fa? Na yi miki alkawari."

Ta juyo gare ni. "Ka gaya masa gida ba ya gudu. Ka gaya masa zai makara."

A nadi ranar har matakala cike take. An jingina wata babbar waya a kan kujera, dattawan uwar ƙungiya suna ciki daga Koriya, su uku, sun matso da fuska har ba a ganin komai sai hanci. Baba ya shigo da ɗamarar a ƙugu. Wuri ya yi tsit, har na'urar sanyi ta ji kunya. Kwanjan ya tako, ya kama bakin ɗamarar, ya bi ɗinkin da yatsa, ya sunkuya ya shaƙa.

"Wane ne wannan?"

"Mahaifina," in ji Baba.

Kwanjan ya gyaɗa kai kamar an gabatar masa da baƙo. Ɗaya daga cikin hancinan wayar ya fara magana da ƙarfi, yana nuna ɗamarar. Ba na jin yarensu, amma ko kurma ya san cewa yake yi wannan ba ita ba ce. Kwanjan ya juya ya ba shi amsa doguwa, ya yi ta yi har jijiyar wuyansa ta tashi. Abokaina suka matsa mini in fassara, na ce cewa ya yi duk wanda bai yarda ba ya zo Jidda ya gaya wa tsohuwar da bakinsa. Har yau ina ganin ban yi nisa da gaskiya ba, don hancinan sun yi shawara a tsakaninsu, sannan suka sunkuyar da kai. Kwanjan ya kwance kullin da Baba ya yi, ya sake ɗaure masa da hannunsa, ya ja da baya ya koma bakin ƙofa wurin takalma. Da aka kira magariba sabon mai gida ne ya ja mu salla.

Sauran kun san wani, ba ku san wani ba. Kwanjan ya koma inda ake sanyi, yana aiko mana da hoton dusar ƙanƙara da gwiwoyinsa a cikin bargo. Kaka takardar ziyararta ta ƙare, muka raka ta filin jirgi. Ta mari ƙeyata, ta ce in na ƙara tsawo ta sake ni. Baba ya tura mata keken kaya har inda aka tsayar da shi, ta wuce ba ta waiwaya ba, sai da ta kai ƙofa ta ɗaga carbinta sama kaɗan, ba ta juyo ba. Ta koma sabon gida ita da wata jikar ƙanwarta. Ɗakin Baba a share yake kullum, an ce har labulensa wankewa take yi, ɗakin da ba wanda ya taɓa kwana a ciki sai hutun da muka je sau ɗaya. Lemon ya yi 'ya'ya, ta aiko mana da su a jakar wani alhaji. A shekara ta biyu aka bugo waya da hantsi. Baba ya samu jirgi a ranar, amma kun san ba a jiran jirgi. Da ya isa an riga an dawo daga maƙabarta.

Da ya dawo Jidda ban ga ya yi kuka ba. Na dai gan shi wata rana kafin ɗalibai su zo, zaune a kan tabarmar faɗuwa shi kaɗai, ya kai ɗamarar hanci, yana juya ta gefe-gefe. Na koma matakala na jira har ya gama.

Saboda haka Amira, in kin ƙara toshe hanci don Baba ya wuce da ita, ki san abin da kike toshewa. Akwai lemon tsami a ciki, akwai hayaƙin Malumfashi, akwai gumin Baba na shekarun nan, kuma in kin bi ɗinkin nan mai karkata kamar tafiyar maye, akwai man zafi. Duk wanda ya kusance ta da sabulu, ni da shi ne, kuma na iya murɗe gaɓa.

Maganar da gangan kuwa, ga iyakar abin da na sani. Na tambaye ta sau ɗaya, muna cikin ɗinkin, ko ta gane abin da su Baba ke faɗi da Larabci a daren nan. Ta ce in zura zare in bar surutu. Don haka wankin ba zan rantse muku a kansa ba. Ɗinkin kam da gangan ta yi. Ni na zura mata zaren.